Takalmin Salla Ya Iso Daga Kurmi, Yaro Ya Ƙi Sawa

Daga Wakilinmu na Arewa, Jalingo

Duk shekara idan azumi ya kai goma na tsakiya, akwai wani ɗan saƙo da ke tashi daga Arewa zuwa Kurmi wanda ba ya bukatar ambulan ko kan sarki, watau tsinken tsintsiya. Uwa za ta tsai da yaro ta gwada tsinken a tafin ƙafarsa, daga dunduniya zuwa kan babbar yatsa, ta karya, ta ba direban da zai kai shanu ko doya Ikko, ko Badun, ko Anacha, ko Fatakwal. Yanzu da wayar hannu ta yawaita wasu sukan faɗi lamba kawai, amma har gobe tsinken bai mutu ba. Maigida kuwa sai ya soke shi a hula, ya shiga Balogun ko Dugbe ko Ariyariya ta Aba, ya zaɓo takalmin da ya fi ƙyalli a rumfa, ya aiko da shi tare da yadi da 'yan kuɗin cefane.

A galibin gidaje murna ce ke biyo baya. Amma akwai gidajen da isowar takalmin nan ita ce mafarin kuka da duka, kuma saboda su muka rubuta wannan bayani, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ne iyayen da ke aikowa, ba su kuwa ganin abin da ke faruwa bayan an kwance ƙunshi.

A Kachalla Sembe, ɗaya daga cikin mazaɓun garin Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, na tarar da wani yaro ɗan shekara 6 wanda mahaifinsa ke sana'ar kayan gwari a Ikko. Takalma ƙafa uku ke ajiye a ƙarƙashin gado, dukkansu sababbi, ko ƙasa ba su taɓa ba. Mahaifiyarsa ta bayyana mini cewa da zarar an kama ƙafarsa za a sa masa, sai ya dunƙule yatsu, ya sandare, ya fasa ihu kamar an ɗora masa garwashi. In an fi ƙarfinsa an sa, ba ya kaiwa zaure sai ya tuɓe ya yi jifa da su. Haka yake yi da riga mai lamba a wuya, haka yake yi ranar aski, kuma idan aka kunna injin niƙa a maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya shige ɗaki. An ce taurin kai ne, an yi duka. An ce sangarta ce don uba ba ya gari. An ce iska ce, an yi addu'o'i da hayaƙi. Uban kuma can a Kurmi ya fara ɗauka ana raina wahalarsa ne, har maganar ta so ta taɓa zaman aure.

To, mai karatu, ba taurin kai ba ne, kuma ga dalili.

Fatar jikin ɗan Adam cike take da ƙananan jijiyoyi masu kai labari ga ƙwaƙwalwa, tafin ƙafa kuwa yana cikin wuraren da suka fi yawansu, shi ya sa cakulkuli ya fi kamawa a nan. Labarin da ke zuwa yana da yawa ƙwarai, saboda haka ƙwaƙwalwa takan tace, ta yar da abin da ba shi da amfani. Kai da kanka shaida ne. Da safe ka ji hula a kanka sa'ad da ka ɗora ta, amma bayan minti biyu ka mance da ita har la'asar. Akwai yaran da wannan rariya tasu ba ta tacewa yadda ta sauran mutane ke yi. Ɗinkin da ke cikin takalmi, wanda kai ba za ka ji ba sam, shi yana jin sa a kowane taku, kuma ba ya raguwa. Duk wanda ya taɓa yin sussukar gero ƙaiƙayi ya shiga masa riga ya san yadda hankali ke tashi. Sai ka ƙaddara an hana ka tuɓe rigar, an ce ka yi murmushi ka tafi Idi a haka, in ka yi motsi kuma a zabga maka bulala.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana halin wasu yara 11 da ba sa cuɗanya da mutane kamar sauran yara, waɗanda ƙara da canjin abin da suka saba ke firgita su. Wannan hali shi ne likitoci ke kira otizim, a gidajen rediyo kuma akan ji ana cewa galahanga. A 1972 wata masaniya, Jean Ayres, ita ma 'yar Amurka, ta fitar da littafi a kan yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa saƙonnin taɓawa da ji da gani da motsi, da abin da ke faruwa in haɗin ya sami tangarɗa. Sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa yawan jin abu fiye da kima, ko ƙarancin jinsa, cikin alamomin da ake dubawa wajen gane otizim. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2023 ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 a duniya yana da wannan hali, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tun 2007 ta keɓe ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wayar da kai a kansa. Akwai wata farfesa a Amurka, Temple Grandin, wadda ta yi suna wajen tsara garken shanu da mayanka, ita ma da wannan hali aka haife ta, ta kuma sha bayyana yadda tufafi masu kaushi suka riƙa azabtar da ita tana yarinya. Na kawo ta ne don kada wani ya ɗauka irin yaran nan ba su da gobe.

Amma fa a lura, ba duk yaron da ya ƙi takalmi ne ke da otizim ba. Wani yana magana sarai, yana wasa da 'yan'uwansa, karatunsa lafiya lau, fatarsa ce kawai ba ta son wasu abubuwa. Wani kuwa ciwo ne ɓoye a ƙafar. Don haka abin da ya kamata a fara yi shi ne a wanke ƙafar a duba ta cikin haske: ko akwai ƙaya da ta karye a ciki, ko farce ya shiga nama, ko faso, ko tsakanin yatsu ya ruɓe kamar yadda yake yi da damina, ko jiga ga waɗanda ke zaune da iyali a bakin teku wajen Badagiri. Ƙaramin yaro mai sikila ma ƙafafunsa da hannuwansa sukan kumbura da ciwo mai tsanani, wannan kuwa maganar asibiti ce ba ta baduku ba.

Wani zai ce, to a bar shi mana ya yi yawonsa ba takalmi, ai kakanninmu haka suka tashi. Cikin ɗaki da tsakar gida mai shara, babu laifi, har ma tafiya ƙafa tsirara tana ƙarfafa ƙafar yaro. Waje ne matsala. A watan Maris da Afrilu rairayin Jalingo da tsakar rana yana iya tayar wa babba bororo, balle yaro. Da damina kuwa, a ƙasa mai laima inda ake bayan gida a fili, akwai tsutsar da ido ba ya gani wadda ke huda fatar ƙafa ta bi jini har ta sauka a hanji, ta zauna tana tsotson jini, yaro ya yi fari ya rame ba a san dalili ba. Ga ƙusa da fasasshen kwalba da gwangwani a bakin kwata, raunin da ke iya jawo ciwon sarƙe haƙora ga wanda ba a yi wa allurar riga-kafi ba. Ga kuma kububuwa. Wannan yanki na kwarin Binuwai ya yi ƙaurin suna da ita, shi ya sa asibitin sarar maciji na Kaltungo a Jihar Gombe yake karɓar mutane har daga Taraba, kuma yawancin sara a ƙafa ne da idon sawu. Yaron da za a tafi da shi gona a bayan gari yana bukatar abin da zai rufe masa ƙafa. Bayan wannan duka ga makaranta, inda ake tsare ƙofa da bulala saboda sandal da farar safa.

Ke nan takalmi dole ne. Abin tambaya shi ne wane iri, kuma ta wace hanya.

A nan ne iyayenmu na Kurmi suke yin tuntuɓe, ba don rashin ƙauna ba, sai don ido ne ke saye alhali ƙafa ce za ta sa. Tsinken tsintsiya tsawo kaɗai yake faɗa. Ba ya faɗin faɗin ƙafa, ba ya faɗin tudun bayanta, ba ya faɗin inda yaro ba ya so a taɓa. Takalman Salla da suka fi jan hankali a kasuwa kuwa su ne suka fi cutar irin wannan yaro: mai ƙyalli mai tauri kamar katako, mai tsinin baki da ke matse yatsu, mai fitila a dunduniya, da mai ƙara kamar ɗan tsako a kowane taku. Wannan na ƙarshe, ga yaron da injin niƙa ke kora, daidai yake da ɗaura masa abin tsoro a ƙafa.

Silifa ta soso ita ce takalmin kowa, amma igiyar nan da ke shiga tsakanin babbar yatsa da mai bi mata tana gugar wuri mai laushi, kuma dole yaro ya riƙa damƙe ta da yatsu don kada ta fita. Da yawansu ba sa jurewa. Takalmin danko irin na makiyaya yana da arha, ba ya tsoron ruwa, wasu yaran ma sun fi son sa domin ba shi da ɗinki ko ɗaya a ciki, sai dai yana tara gumi, da zafin rana kuma ƙafa takan yi santsi a ciki, sabonsa kuma yana da warin roba wanda shi kaɗai ya isa ya sa wani yaro ya ƙi kusantarsa. Sandal mai ruwan ƙasa irin ta 'yan makaranta, wadda manyanmu suka sani da sunan Cortina ta kamfanin Bata tun zamanin da aka buɗe ilmin firamare kyauta a 1976, yanzu an cika kasuwa da kwaikwayonta na roba mai kaifin gefe, ƙarfen maɗaurinta kuma yakan zauna daidai kan ƙashin idon sawu. Kambas mai laushi yakan yi wa da yawa daɗi, muddin an zura hannu ciki an shafa an tabbatar babu tudun ɗinki ko lamba. Mai mannewa ya fi mai igiya sauƙi, domin yaro na iya sassautawa ko matsewa da kansa, ko da yake akwai wanda ƙarar ɓare shi ke damu.

Sau da yawa ma takalmin ba shi da laifi, safa ce. Ɗinkin da ke bakin safa yana kwanciya a kan yatsu, takalmi kuma ya danne shi. A juya safar ciki ya koma waje, a zaɓi ta auduga maimakon ta leda, a yanke zaren da ke lilo. Akwai gidan da wannan kaɗai ya kashe rigimar kowace safiya.

Akwai kuma wani kashi na yaran da nasu ya zama akasin haka, kuma a ganina sun fi shiga haɗari domin ba sa kuka. Su jin nasu ne ya yi ƙaranci. Irin wannan yaro zai yini da tsakuwa a cikin takalmi, ko ƙusar ƙasan takalmin ta ɓullo tana sukarsa, bai ce uffan ba, sai dare uwa ta ga jini. Wasunsu sun fi son a ɗaure musu tam, ko takalmi mai nauyi da ya rufe idon sawu, domin matsin ne ke sa su san inda ƙafarsu take. Wannan sai an riƙa duba ƙafarsa da cikin takalminsa kullum da yamma, kuma kada a jira ya ce ya matse shi, domin ba zai faɗa ba.

Yadda za a gwada kuwa ba ya cin ko kwabo. A sami farar takarda, yaro ya taka ta yana tsaye nauyinsa duka a kai, a zagaye ƙafar da fensir a tsaye. A yi ƙafa biyu, domin ɗaya takan ɗara ɗaya, kuma da babbar ake saye. A yi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe. In ba ya yarda a taɓa shi, a jiƙa ƙafar ya taka kwali, a bi sawun. Sa'an nan a zagaya zare ta inda ƙafar ta fi faɗi, a yanke, a haɗa da takardar. Mai saye ya yanke hoton ƙafar ya zura cikin takalmin a kasuwa, in gefe ya lanƙwashe to ya yi ƙunci, kuma a bar sarari kamar faɗin babbar yatsar hannu a gaba. Kada a wuce haka da sunan zai girma a ciki, domin takalmin da ke kwal-kwal yana gugar dunduniya. Ƙafar ƙaramin yaro kuwa cikin 'yan watanni take canja lamba, saboda haka awon bara ba ya aiki bana.

Amma in za a bi shawarata, wanda ke da irin wannan yaro ya aiko da kuɗin, ya bar takalmin. Abin mamaki ne a ce mu da muka gaji jima da dukanci muna jiran roba daga Kurmi. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ita ce ayari ke ɗauka ta hamada har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, saboda laushinta. Har yau dukawan Kano suna aiki, kayansu kuma ta Ƙofar Wambai suke bazuwa ƙasa duka, kuma a Jalingo ba a rasa baduku ko shumeka da zai yanka a kan ƙafar yaro. Abin da za a gaya masa shi ne: ɗinki ya koma waje, a shimfiɗa fata mai laushi guda ɗaya a ciki ba haɗi, baki ya yi faɗi yatsu su baje, kada a sa ƙusa, kada gam ya taru a gefe, maɗauri ya kauce wa ƙashi, a kuma sa abin da zai riƙe dunduniya don kada yaro ya riƙa jan ƙafa. Wani shumeka da na zauna da shi a unguwar ya nuna mini yadda yake murza sabuwar fata da hannu, ya shafa mata mai, ya daka inda ta yi tauri kafin ya ba mai ita. Amfanin na gida shi ne in wani wuri ya dame shi gobe, a koma a gyara. Wanda aka sayo a Idumota kuwa ba mai mayar da shi.

Masu zuwa Katangowa su sayi gwanjo ma ba su yi kuskure ba, domin takalmin da wani ya riga ya sa ya saki jiki, warin sabunta ya tafi. Sai dai a kifa shi a duba ƙasansa, in ya cinye ta gefe guda a bar shi, zai karkatar da tafiyar yaro. A wanke, a shanya a rana sosai. Idan kuwa Allah ya sa aka dace da irin wanda yaro ya karɓa, to a sayi biyu, ɗaya daidai, ɗaya lamba ta gaba, launi ɗaya, siffa ɗaya, domin irin yaran nan ba sa son canji.

Saura maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ɓata al'amari. Takalmi ya iso daren Salla, da safe a ce yaro ya sa shi tare da sabuwar shadda mai sitaci da sabuwar hula, a shiga taro da ganguna da bindigogi da rana. Ko wane irin takalmi ne zai ƙi. A aiko da shi tun da sauran makonni. A ajiye inda zai gan shi, ya taɓa, ya yi wasa da shi. Rana ta farko ya sa na minti ɗaya ko biyu a zaune, a cire tun bai fara kuka ba, a yaba masa. Gobe a ƙara kaɗan, jibi a taka zuwa zaure, gata zuwa shagon unguwa. Wasu iyaye sun ga amfanin matsa ƙafar da tafin hannu da ɗan ƙarfi kafin a sa, domin shafa sama-sama ita ce ta fi tayar musu da tsikar jiki. In yana iya zaɓa, a ajiye masa biyu ya nuna. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi sun yi gaskiya a wajen tarbiyya, amma bulala ba ta canja yadda jijiya ke ji, abin da take yi kawai shi ne ta sa yaro ya haɗa ganin takalmi da tsoro, aikin ya ninka.

Game da makaranta, ya kamata uba ko wakilinsa ya je da kansa ya ga hedimasta cikin ladabi, ya yi bayani, ya nemi a bar yaron ya sa abin da zai iya jurewa, ko da kambas ne ko sandal ba safa. Yawancin malamai in an fahimtar da su sukan yarda. A kuma sani cewa a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, har da wajen neman ilmi. Takarda daga likita tana ƙara wa magana nauyi.

Likita kuwa ya wajaba a gan shi idan bayan ƙin takalmi yaro ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalmomi, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ba ya haɗa ido da mutane, ko kuma ya wuce shekara 3 yana tafiya a kan yatsu dunduniya ba ta taɓa ƙasa, domin wannan in ya daɗe agara takan ɗaure. A Jalingo ana iya farawa daga sashen yara na Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, su tura gaba in da bukata. Waɗanda iyalinsu ke tare da su a Kurmi sun fi kusa da masana: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi, akwai na Aro a Abekuta, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun, maganar ƙashi da agara kuma akwai Igbobi a Ikko da Dala a Kano. In za a tafi, a riƙe takalmin da yaro ya ƙi da wanda ya karɓa, a nuna wa likita duka biyu.